Ƙarar Cokali a Jakar Auta

A ƙarshen layinmu, inda kwalta ta gaji ta sakar wa jar ƙasa hanya, akwai wata rumfar kwano da ta jingina da katangar wani ɗan gida. A nan Kofur yake gyaran jakunkuna. Ba mai kiransa da wani suna ban da wannan, har matarsa. Ya ajiye aikin soja tun furfura ba ta gama cin kansa ba, ya samo tsohon keken ɗinki, ya zauna yana ɗinke duk abin da tafiya ta yage: jakar 'yan makaranta, akwatin matafiya, zif ɗin da ya ƙi rufuwa, maɗaurin da nauyi ya tsinke.

Idanunsa sun yi rauni a shekarun nan, amma ban taɓa ganin yana laluben wani abu ba, ga shi kuwa na daɗe ina shan inuwa a bencinsa. Basilla tana dama, zare yana hagu, almakashi yana rataye a ƙusarsa. Hannunsa ne yake zuwa ya ɗauko, ido bai ma san an yi ba. Matarsa, wadda duk layin muke kira Inna, takan ce Kofur ko barci zai yi sai ya jera takalmansa kamar za su fita fareti. Shi kuma yakan ce madafinta ya yi kama da sansanin da abokan gaba suka gudu suka bari, wuƙa a cikin gari, ludayi a kan taga. Da wannan tsokana suka aurar da 'ya'ya mata, suka tsufa, aka bar su da ɗa namiji guda, Auta.

Kofur ba ya labarin yaƙi. Idan matasa suka matsa masa, sai ya ce abin da ya fi tunawa shi ne sauro da jiƙaƙƙiyar safa. Sau ɗaya kawai na ji ya buɗe bakin wannan rijiya, wata rana da ruwan sama ya tsare mu a rumfa. Ya ce yana da aboki da suke kira Dogo, mutum mai dariya da dukan jikinsa. A rundunarsu an yi ittifaki kowa ya sa bandejinsa a aljihu ɗaya na jakarsa, domin wanda aka harba ba shi ne zai ciro ba, hannun na kusa da shi ne zai nema, cikin hayaƙi da ruɗewa. Dogo kuwa yana son taba, kuma wannan aljihun ya fi kowanne tsare ruwa. Ranar da harsashi ya sami Dogo a cinya a bakin wani kogi, Kofur ya zura hannu inda aka saba, ya fito da kwalin taba. Ya zazzage jakar duka a cikin laka yana nema. Kafin ya ciro nasa bandejin ya ɗaure, jinin ya riga ya yi nisa. Da ya kai nan sai ya ci gaba da taka keke, ruwa yana ta dukan kwano a samanmu.

Shi ya sa da Auta ya je ya shiga soja ba tare da shawararsa ba, Kofur bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, sai dai ya rufe bakinsa a kan yaron kamar yadda ake rufe akwati. Idan Auta ya gaishe shi, yakan amsa, domin gaisuwa hakki ce, amma daga “lafiya” ba ƙari. Auta ya tafi horo ya dawo da kaki da faɗin kafaɗa, uban bai ɗaga kai ya dube shi ba. Inna ta yi lallashi, ta yi fushi, ta aiko yayyen Auta mata, har ni ta sa na yi magana. Abin da ya ce mini shi ne ya ba wa wannan aiki ƙuruciyarsa da abokinsa da rabin barcinsa, bai san cewa da sauran bashi a kansa ba.

Sai ga shi an ba Auta ɗan hutu ya zo sallama, domin an tura rundunarsu bakin daga. Mota za ta ɗauke shi a mararraba da yamma. Kowa a gidan ya san abin da ake jin tsoro, ko da yake ba wanda ya furta: yaro zai fita zuwa inda ba kowa ke dawowa ba, kuma uban bai sa masa albarka ba.

Da safiyar ranar Auta ya tafi gidajen yayyensa. Inna ta ga jakarsa ta goyo a jingine a ɗaki, sai zuciyar uwa ta motsa. Ta kwance ta, ta wanke abin da take ganin ya yi datti, ta goge kwanon abincinsa har yana ɗaukar ido, ta mayar da kayan yadda take jera kayan ɗakinta, masu kyau a sama, masu nauyi a ƙasa, ta kuma cusa 'yan abubuwan da ta tanada masa duk inda ta ga wuri. Auta ya dawo a makare, rana ta yi sanyi, bai tsaya dubawa ba. Ya saɓa jaka ya fito.

Ina zaune a benci lokacin da ya zo bakin rumfa ya durƙusa. Kofur yana ɗinke hannun wata jakar makaranta.

“Baba, zan tafi.”

“To,” in ji Kofur, ƙafarsa ba ta bar keken ba.

Auta ya ɗan jira. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta kama gefen mayafinta ta toshe baki. Da ya ga babu abin da zai biyo baya, sai ya miƙe ya juya. Ya fara tafiya, kuma da kowane taku wani abu a cikin jakar yana cewa ƙwal, ƙwal, siririyar ƙara kamar ta ƙararrawar akuya daga nesa. Ni da kyar na ji ta. Amma keken ɗinki ya tsaya.

“Kai, kurtu. Dawo nan.”

Auta ya dawo.

“Wa ya koya maka tafiya da makaɗi a baya? Ko so kake a ji zuwanka tun daga wancan tsauni? Sauke.”

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi masa tun ranar da ya sa kaki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya sauko daga kujera da kyar saboda gwiwa, ya jawo jakar gabansa. Bai dube ta ba, shafa ta ya yi, kamar yadda ake shafa bayan dabbar da aka daɗe ba a gani ba. Ya fara fito da kaya yana jerawa. Cokali ne yake yawo a cikin kwano. Gorar ruwa rabi ce, ya girgiza ta kusa da kunnen Auta, ya ce gora ko a cike ko babu komai, rabi surutu take yi. Rigar ruwa tana can ƙasa, ya tambaya ko hadari zai jira shi ya kwance bargo tukuna. Tocila a kunne take a cikin jaka, batirin ya kusa ƙarewa. Ya nuna masa yadda ake juya batiri ɗaya baibai har sai an buƙace ta.

Auta ya buɗe baki zai ce ba haka ya shirya ba, sai ya dubi uwarsa, ya haɗiye maganar. Ya bari uban ya ci gaba da yi masa faɗan, kansa a sunkuye, kuma na lura fuskarsa ba ta mai jin zafi ba ce. Ya yi kama da wanda ya daɗe cikin rana aka fara zuba masa ruwa.

Sai Kofur ya tambaye shi a wane aljihu rundunarsu ta ce a riƙa sa bandeji, domin na zamaninsa daban ne, kuma ba nasa ake bi ba yanzu. Auta ya ce ƙaramin aljihun gefen hagu. Kofur ya zura hannu. Ya fito da ƙullin dabino da ƙaramar kwalbar man zafi.

Ya zazzage sauran kayan a kan tabarma, yana turawa gefe, har ya kai ƙarƙashin bargo. A can bandejin yake, an naɗe shi a cikin ɗankwalin Inna, an sa a leda, an yi ƙulli a kan ƙulli.

“Ni ce, Kofur,” Inna ta ce daga bakin ƙofa, muryarta a ƙasa. “Na ga abin asibiti ne, na ce kada ya yi datti. Dabinon kuma na sa masa kusa, inda hannunsa zai kai.”

Na ɗauka zai yi tsawa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kwance ƙullin da farce, ya ƙi ɗaukar almakashi.

“Ba ki yi don cuta ba,” ya ce. “Amma wannan aljihun ba na ɗanki ba ne. Na abokinsa ne, wanda zai durƙusa a kansa. Shi ba zai san kin ɓoye ba.”

Inna ta zauna a dokin ƙofa. Ta san labarin Dogo fiye da ni. Ita ce take tashin Kofur idan yana kiran sunan a mafarki.

Daga nan Kofur ya shiga shiri, yana yi yana magana, a hankali, kamar mai karanta abin da ya haddace tun yana saurayi. Bargo da kayan barci a ƙasa, tunda su ne na ƙarshen buƙata. Masu nauyi a tsakiya, manne da gadon baya, don kada jaka ta riƙa ja da mutum baya a hawan tudu. Rigar ruwa a sama. Safa a cikin leda, kuma a ware guda biyu da ba za a taɓa tafiya da su ba, na barci ne kawai, domin ƙafar da ta kwana a jiƙe ba ta kai soja ko'ina. Ashana a ledarta daban. Allura da zare a inda ba za su soki rigar ruwa ba. Igiyoyin da ke lilo a naɗe su, kada reshe ya kama. Duk abin da aka ciro, a mayar da shi inda aka same shi nan take, ko da gajiya ta kai wuya. Ya ce jakar da mutum ba zai iya samun abu a cikinta ido rufe ba, kaya ce kawai yake ɗauka.

Bandejin ya koma aljihun hagu, shi kaɗai, ba leda ba ƙulli. Ya kama hannun Auta ya ɗora a kai, ya sa shi ya rufe ido ya ciro, ya mayar, ya sake cirowa.

Dabinon bai mayar wa Inna ba. Ya zuba shi a cikin kwanon abinci ya danna har ya cika, ya naɗe cokalin da ɗankwalinta ya kwantar a kai, ya rufe. Ya ce ga shi nan, ɗankwali ya sami aiki, ya fi zaman da yake yi a kan mai shi. Inna ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce ai dama ta san bakinsa bai mutu ba, ajiya ya yi. Man zafin kawai ya hana. Ya ce ƙamshinsa yana riga mutum isa wuri, a daji kuwa hanci ma ido ne.

Ya miƙe, ya ɗaga jakar da kansa, ya ɗora wa Auta. Ya ja maɗaurin kafaɗa, ya ɗaure na ƙugu, ya zura yatsa ya ji ko ya matse.

“Yi tsalle.”

Auta ya yi tsalle. Ba abin da ya yi motsi sai ƙurar da takalminsa ya tayar. Ya sake yi. Shiru.

Hannun Kofur yana kan maɗaurin kafaɗa, bai sauke ba. Daga nan ya hau wuya, ya kai kan yaron, ya tsaya a can. Auta ya fi shi tsawo yanzu, sai da ya rusuna.

“Allah ya yi maka albarka,” in ji Kofur. “Ka kula da ƙafarka, ka kula da na kusa da kai. Ka je, ka dawo ka same mu.”

Auta ya ce amin. Ya durƙusa wa uwarsa, ya yi mini sallama, ya kama hanyar mararraba. Muka bi shi da kallo har ya sha kwana. Kofur ba ya gani zuwa can, amma ya karkata kai yana saurare, kuma bai koma kujerarsa ba sai da ya tabbata babu abin da ya ji.

Damina ta wuce tun daga ranar, wata ta sake shigowa. Auta yakan kira idan sun sami wuri mai sadarwa, kuma yanzu uban ne yake fara karɓar wayar, tambayarsa ta farko kullum a kan safa ce. Kwalbar man zafin tana rumfa. Inna ta so ta ɗauka ta riƙa shafa masa a gwiwa, ya ce a'a, mai ita yana nan zuwa. Ya kafa wa kwalbar ɗan katako kusa da ƙusar almakashi, kuma kowace safiya, idan yana jera kayan aikinsa, hannunsa yakan je can ya taɓa ta kafin ya zauna.