Maganin Fukar Kakana a Bakin Komadugu

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Damagaram, ni da angona. Angon nan kakana ne, Malam Idi, mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda tun ina rarrafe yake kirana amarya. Ciwon fuka, wato asma, ya daɗe yana wahalar da shi. Likita ya rubuta masa ɗan famfon shaƙa, shi kuwa ya rantse ba zai kai shi bakinsa ba, wai duk wanda ya fara sai kabari zai raba su. Watan jiya ciwon ya taso masa har leɓɓansa suka yi baƙi. Wallahi ranar na sadaƙar. Da ya farfaɗo sai ya ce ya ji labarin wata tsohuwa a bakin kogin Komadugu, can wajen Diffa, mai maganin fuka.

"Ki kai ni, amarya. Duk abin da ta ce zan yi, na yi alkawari."

Na ce to. Famfon kuwa na naɗe shi cikin ɗankwali na tura ƙasan jakata, ban gaya wa kowa ba.

Damagaram zuwa Diffa

Tafiyar kilomita ɗari huɗu da saba'in ce, ko kusa da haka. Ƙarfe takwas muka tsaya Gure, muka sha shayi da burodi. A shingen jandarmomi kowa ya sauka da katinsa a hannu. Wani jandarma ya dubi katin Kaka, ya dube ni.

"Baba, 'yarka ce?"

"Matata ce. Ka ga ikon Allah, ko shayi ba ta iya dafawa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku riƙe shi nan, na yafe muku." Har direba sai da ya dara.

A Maine-Sorowa muka yi azahar, na sayi dabino na dala ɗari. Kaka ya ce haƙoransa ba za su iya ba, kafin mu fita garin ya cinye rabi. Ƙarfe huɗu da rabi muka shiga Diffa, tun daga tasha warin tattasai ya yi mana maraba.

Kwanan Diffa

Gidan Ya Falmata muka sauka, ƙawar mahaifiyata. Kun san Barebari da karrama baƙo. Aka kawo burabusko da miyar bandar kifi, muka ci har na kasa miƙewa. Sai ga ta da kasko, ta zuba turaren wutar da take ji da shi, ta ajiye gaban Kaka, ta ja labule don kada ƙamshi ya tsere.

Ai kuwa ba a yi minti biyar ba ƙirjinsa ya fara kuka kamar 'yar kyanwa. Kunya ta hana shi magana, yana tari yana cewa, "Madalla da turare!" Ni dai ban san sa'ad da na suri kaskon na yi waje da shi ba. Ya Falmata ta bi ni da ido, don a garin nan fitar da turaren mai gida ba ƙaramin rashin ta-ido ba ne. Da na yi mata bayani ta dafe ƙirji, ta ce, "Wayyo, da na kashe baƙo da alheri!"

Muka fito da shi ƙarƙashin bishiyar bedi. Na zaro famfon na miƙa masa. Ya kau da kai.

"Ashe da shi kika biyo ni, munafuka? Gobe war haka na warke."

Allah ya taimaka iska ta sassauta masa. Amma na ji haushinsa, haushi mai haɗe da tsoro.

Bakin kogi

Washegari ƙarfe bakwai da rabi muka hau wata buɗaɗɗiyar mota. An ba Kaka gaba, ni aka ɗora ni kan buhunan tattasai da ba komai ciki. Ba komai ciki fa aka ce, amma na yi atishawa tun daga Diffa har Gagamari. Kaka ya leƙo ta taga ya ce, "Yarhamukillah har sau ɗari, na biya gaba ɗaya."

Bayan Gagamari kaɗan muka sauka, muka taka kamar tafiyar minti ashirin. Ga kogin can yana ƙyalli, ga gonaki, ga tattasai an baza ja wur a fili kamar an shimfiɗa darduma.

Ya Kolo, mai maganin, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, Hausarta da karin Barebari. Ba ta taɓa ƙwarya ko ɗaya ba sai da ta gama yi wa Kaka tambayoyi. Ina yake kwana? Me ke cikin ɗakin? Ya ce ba komai. Na ce akwai tsohuwar darduma da ta girme ni, ga tantabaru a bakin taga, ga hayaƙin maganin sauro kullum.

"Ke aka tambaya?" in ji shi.

"Bar ta, ita ce mai gaskiya," in ji Ya Kolo. "Darduma a fitar, tantabaru su koma bayan gida, a sa gidan sauro a bar hayaƙi. Fuka tana da abokai, Malam. Ka kore su, ta rage zuwa."

Sannan ta ba shi zuma cikin kwalba, da citta, da habbatussauda, ta ce a sha da ruwan ɗumi safe da yamma. Kaka ya rungume kwalbar, baki har kunne.

"To, Ya Kolo, ki gaya wa yarinyar nan ta jefar da famfon Nasara. Shi take bina da shi kamar mai bin bashi."

Kafin ta amsa iska ta juyo daga wajen shanyar tattasai. Tsohuwa ta yi tari sau biyu, ƙirjinta ya ɗauki irin kukan da na sani. Sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da famfo shuɗi, irin namu sak, ta girgiza, ta shaƙa sau biyu. Can numfashinta ya daidaita.

Kaka ya ce, "Ke ma?"

"Ni ma. Zuma tana lallashin maƙogwaro, amma in ƙirji ya rufe ba ta buɗe shi. Ƙanena ya rasu a hannuna ina dama masa zuma, Malam. Tun ranar ba na ba mai fuka magani sai na ga wannan a aljihunsa. Ina naka?"

Kaka ya dubi ƙasa, ya dubi kogi. Na ce, "Ango, wa ya ce duk abin da ta ce zai yi?" Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na ɗora masa. Nan Ya Kolo ta koya masa yadda ake shaƙa da riƙe numfashi, yana bi kamar ɗalibi. Na juya baya na share hawaye, na ce tattasai ne.

Komawa gida

Mun sake kwana wajen Ya Falmata, wannan karon ba kasko. Asubar fari muka kamo hanya, ƙarfe biyar na yamma muna ƙofar gida. Ko wanka bai yi ba abokansa na majalisa suka taru jin labari. Ina daga zaure na ji shi yana cewa tsohuwar nan ta san aikinta, ya nuna musu zuma, sannan ya zaro famfo daga aljihu ya ɗaga sama.

"Wannan shi ne babban. Maganin Diffa ke nan, sai an je can."

Famfon da na saya a kantin magani na bayan gidanmu! Na buɗe baki zan tona shi, sai na ga ya maida shi aljihun gaba ya dafe da hannu. Na fasa, na bar masa labarinsa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Ya Falmata, da Ya Kolo wadda ta kwance bakin zanenta a gaban baƙi. Angona yana nan yana numfashi, yana ci gaba da kushe shayina.