Anti Balaraba mai gwanjon Bacirawa

Da safen nan ina gaban allo ina rubuta wa 'yan aji huɗu kwanan wata, wayata ta yi ƙara a jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma yau na ɗauka. Zainab ce, 'yar Anti Balaraba. Ta ce, "Malama, Umma ta rasu da asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai ganina na yi zaune a bencin yara, alli a hannu.

Ku da kuka daɗe kuna bin shafin nan kun san aikinta ko da ba ku taɓa ganinta ba. Duk rigar da kuka taɓa tambayata a ina na saya, daga wajenta take.

Shagon ɗan ƙarami ne, cikin layi a Bacirawa, tsakanin mai niƙa da wani kemis. Ko suna babu a ƙofa. Gwanjo take sayarwa, dogayen riguna da abaya da jakunkuna, sai tsofaffin atamfofi da saƙi da take bin ƙauyuka tana saye a wajen tsofaffin da suka gaji da ajiyarsu a adaka. Ta wanke, ta goge, ta turara, sannan ta rataye.

Daga ƙauyenmu can bayan Ɗambatta nake hawa bas in je. Na shiga manyan shagunan cikin gari masu gilas da sanyi, amma ban taɓa ganin inda mai kaya zai hana ki saye ba sai wajenta. Kin ɗauki riga, kin ƙyasa, sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ajiye, wannan ba taki ba ce." Haushi ya kama ki. Ta miƙo wata da ko kallonta ba ki yi ba, ki gwada, ki ga kamar don ke aka ɗinka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a nan ba. Yau zan faɗa, domin haƙƙinta ne a sani.

Shekara uku da suka wuce aka yi mini aiki, aka cire mini nono ɗaya. Allah ya ba ni lafiya, amma na kasa komawa makaranta. Duk rigar da na sa sai ɓangare ɗaya ya zube. Ina tsakiyar zafin bazara cikin ƙaton hijabi mai kauri, ko a tsakar gida ba na cirewa. Har takardar ajiye aiki na rubuta, tana cikin jakata, ina jiran a dawo hutu in kai wa hedimasta.

Ran nan na dawo daga ganin likita a Kano, na sauka a Bacirawa don kawai in gaishe ta. Ta dube ni sau ɗaya. Ta sallami matan da ke ciki, ta tura ƙofa, ta saki labule.

Ta ce, "Malama, cire hijabin nan mu gani."

Na ce, "Anti, babu abin gani."

Ta ce, "Ni zan faɗi wannan, ba ke ba."

Na cire. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mini kallon tausayi ba. Tef ta ɗauko ta auna ni, kamar yadda take auna kowa. Ta zaro wata doguwar riga shuɗiya mai tattara a ƙirji, ta hau keke ta ɗinka mata ɗan aljihu daga ciki. Ta cusa auduga da ƙyalle mai laushi, tana aunawa a tafin hannu, ta ƙara, ta rage.

Ta ce, "Sa."

Da na tsaya gaban madubi, kafaɗa biyu daidai, riga ta zauna. Kuka ya ƙwace mini. Ta ƙyale ni na yi mai isata, tana ta ninke kayanta. Can ta ce, "In kin gama, ki daina dunƙule kafaɗar nan. Wannan aikinki ne, riga ba za ta yi miki ba. Yaushe ake komawa makaranta?"

Na ce Litinin.

Ta ce, "To Litinin ki sa ta."

Litinin na sa ta, na shiga aji. Takardar nan da ita na hura wuta. Har yau ina koyarwa, bana ma ni ce mataimakiyar hedimasta.

Bayan nan ɗaya bayan ɗaya ta gyara mini duk kayana. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai da wata mata mai irin lalurata ta je shagon ne ta kira ni, ta ce, "In ba ta lambarki? In kin ce a'a, a'a ne." Na ce ta ba ta. Daga ita wasu suka biyo, yanzu har zumunci muke yi.

Ganinmu na ƙarshe ranar Asabar ce, sati biyu ke nan. Na tarar ta fasa sabuwar dilar gwanjo, tana zaune kan tabarma tana ware kaya. Ta ɗan rame. Na yi magana ta ce hawan jini ne kawai, tana shan magani. Ta aika aka sayo mana ɗanwake, muka ci a kwano ɗaya. Ta ɗauko wani tsohon saƙi da ta samo a wajajen garin Tofa, ta shimfiɗa a cinyata, ta ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, taɓa kawai ki ji hannun mutanen da."

Da zan tafi ta rako ni har bakin layi. Ta ce, "Na koya wa Zainab ɗinkin nan naku. Hannunta ma ya fi nawa tsafta. Ki faɗa wa matanki kada su damu."

Na yi dariya na ce ina za ki je? Ita ma ta yi dariya, ta tsayar mini da adaidaita.

Yau kafin in iso gidanta an riga an kai ta makwancinta. Daga gidan nake wannan rubutu. Tsakar gida cike da mata, wasu daga nesa, kowacce da nata labarin.

'Yar'uwa, in kina cikin halin da na shiga, kina ɓuya a ɗaki, ki yi mini magana ta inbos. Ni da kaina zan raka ki wajen Zainab.

Ya Allah, baiwarka Balaraba ta suturta mu lokacin da muke jin kunyar kanmu. Ka suturta ta da rahamarka, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka ba Zainab da ƙannenta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a danna alama kawai. Ka ɗaga hannu ka ambaci sunanta, ka roƙa mata Aljanna.