Ƙusar da Na-Shida Ya Kafa

A sashen wasanni na kwalejin, bayan ɗakin sauya tufafi, akwai wani ƙaramin sito mai warin farar ƙasa da tsofaffin takalma. Mai kula da shi dattijo ne siriri mai dogayen ƙafafu, wanda kowa ke kira Na-Shida. Shi ne yake shata wa masu gudun ratsa daji hanya, ya kakkafa tutoci, ya wanke riguna bayan gasa. Sababbin ɗalibai sukan zaci shi ne na shida a ɗakin mahaifiyarsa. Ba nan sunan ya samo asali ba.

A wannan gudu, kowace kwaleji takan tura 'yan wasa bakwai, amma biyar ɗin da suka fara isa layi su kaɗai ake ba maki, su kaɗai kuma ake rataya wa lamba. Duk tsawon karatunsa, bayan na biyar yake isowa. Sai a shekararsa ta ƙarshe, a gasar kwalejojin ƙasa, ya tsinci kansa na biyar, a gaban kyaftin ɗinsu. A wani kwazazzabo mai taɓo kyaftin ya zame, ya faɗi yana kiran sunansa. Ya juyo, ya kama shi ta hammata, ya tayar da shi, suka ci gaba tare. Da layi ya bayyana, kyaftin ya sakar masa gwiwar hannu a haƙarƙari, ya wuce, ya bar shi na shida.

Kwalejin ta ɗauki kofi, ta kuma ɗauki biyar ɗin aiki. Kyaftin ya zama koci mai horar da 'yan wasa, daga bisani ya zama Daraktan sashen wasanni. Shi kuwa Na-Shida, bayan ya gaji da yawon neman aiki, sai Darakta ya miƙa masa mabuɗin sito. Kowace shekara, ranar karɓar sababbin 'yan wasa, Darakta yakan sa a kira shi.

"Ku dube shi da kyau," yakan ce. "A taɓo na tsince shi yana wutsil-wutsil, na ciro shi kamar ɗan akuya. Ko ƙarya nake yi, Na-Shida?"

"Haka aka yi, ranka ya daɗe," in ji shi, bokiti a hannu, yara suna ƙyaƙyata dariya.

A bangon ɗakinsa akwai ƙusa guda da ya kafa domin lamba. Matarsa, kafin rasuwarta, ta taɓa rataya matatar koko a jikin ƙusar. Sai da ya wuni bai yi mata magana ba.

Da autarsa ta tasa, ya ga ƙafafunsa ne a jikinta. Kullum da sassafe yakan hau keke, Auta tana bin sa a guje. Wata rana ya saki keken da gangan, ya faɗi a kan tsakuwa. Yarinyar ta dawo da gudu tana kuka.

"Wa ya ce ki tsaya?"

"Baba, jini kake yi!"

"Jinina ne ko naki? Koma farko."

Ta koma farko. Ya maimaita mata wannan faɗuwa har ranar da ta tsallake shi ba ta waiwaya ba, ranar ce kuma ya saya mata takalmin gudu mai ƙusoshi.

Auta ta shiga kwalejin, aka haɗa ta ɗaki da wata ɗalibar aikin jinya da ake kira Doguwa, ita ma 'yar gudu. Doguwa ta mayar da gidansu nata. Ita ce take shafa wa dattijon magani a gwiwa, tana tsokanarsa.

"Baba, wannan ƙusa taka har ta yi tsatsa. Ko amarya take jira ta rataya mayafi?"

"Ke dai shafa maganinki, sarkin surutu."

"In na ci lamba zan ara maka ita, amma da haya!"

Ya yi dariya, domin yana ƙaunarta. Amma ya san abin da su biyun ba su son faɗa: Doguwa ce ta biyar a ƙungiyar mata, Auta ta shida.

A shekararsu ta ƙarshe aka kawo gasar ƙasa kwalejin. Shi ya shata hanya, kuma da aka raba masu tsaron hanya, ya roƙi a ba shi wani kwazazzabo da ke kan hanyar. An kwana ana ruwa. Wurin fita daga kwarin ƙunci gare shi, mutum ɗaya yake ɗauka, ga santsi.

Mata ne suka fara. Ya tsaya da tutarsa yana ƙirga rigunan kwalejinsu, huɗu suka wuce. Sai ga Doguwa, Auta tana dab da bayanta. A tsakiyar hawan Doguwa ta zame, ta kifa, hannunta na dama ya shimfiɗe a kan 'yar turbar. Auta ta rage gudu, ta fara sunkuyawa. Ya ga hannun 'yarsa yana nufar hammatar ƙawarta, daidai inda nasa ya taɓa nufa.

"Wuce!" ya daka mata tsawa. "Taka ki wuce!"

Ta taka. Ƙusoshin suka nutse a bayan hannun, ya ji ƙarar ƙashi duk da hayaniyar jama'a. Auta ta haye, ba ta waiwaya ba.

Shi ne ya ciro Doguwa daga taɓon, ya goya ta zuwa motar asibiti. Ba ta yi ihu ba. A bayansa take, bakinta kusa da kunnensa, ta ce, "Baba, na ji ka."

Kwalejin ta ci kofin mata, Auta ce ta biyar. Darakta ya dafa kafaɗarsa a gaban baƙi yana cewa, "Ashe ana haihuwar na biyar a gidanka? Lalle uwarta ta biyo!" Likita kuwa ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, ma'aikaciyar jinya kuma da yatsu take riƙe allura. Da Auta ta je dubiya, Doguwa ta juya fuskarta bango.

Da yamma Auta ta shigo gida da rigar gudu a jikinta, taɓo ya bushe mata har cinya. Ta cire lambar daga wuyanta, ta rataya a ƙusar, ta gyara mata zama.

"Ga abinka, Baba."

"Zauna ki ci abinci, Auta."

"Na ƙoshi."

Ta haɗa kayanta ta koma gidan gwaggonta. Ba ta sake gudu ba, ba ta sake kwana a gidan ubanta ba. Idan suka haɗu a harabar kwaleji takan rusuna ta gaishe shi, cikakkiyar gaisuwa irin wadda ake yi wa maƙwabci, ta wuce.

Washegarin gasar, da ya buɗe sito, ya tarar da takalmanta a saman tulin kayan wanki. Wankin kayan 'yan wasa aikinsa ne. Ya ɗebo ruwa, ya ɗauki buroshi, ya zauna a bakin ƙofa, ya bi ƙusoshin ƙafar dama ɗaya bayan ɗaya.