Neman Yayana a Tukwanen Ankara

Mun tashi daga Kauran Namoda ana idar da sallar asuba, mu biyu, ni da ƙanen matar yayana. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya kai baduku irina ƙasar Gana, alhali ko goro ba na fatauci, ga labarin yadda ya kasance.

Yayana Mamman ya tafi Ankara, babban birnin Gana, shekara tara da suka wuce, ya bar matarsa Asabe a gidanmu. Shekaru uku na farko muna ganin aike, yau turmin atamfa, gobe sabulu. Daga nan sai shiru. Bara waccan wani bafatake ya ce ya ji an ce Mamman ya rasu, amma bai ga gawa ba, bai san kabari ba. Asabe ta zauna a tsakiya, ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba, ba bazawara ba. Malamai suka ce tana iya zuwa gaban alƙali a raba auren. Ta ce ba za ta kai ƙarar mutumin da ba ta san ko yana duniya ba, a dai zo mata da gaskiya ko wace iri ce. Wannan gaskiyar muka fita nema.

Jirgin ƙasa ya kai mu Zariya, muka sake wani zuwa Ikko. Abokin tafiyata mutum ne mai lafiyayyen ciki. A Minna ya ci doya, a Jabba ya ci kifi, duk tashar da jirgi ya tsaya sai ya miƙa hannu ta taga. Ni kuwa Allah ya yi ni da ciki mai saurin fushi, ko yajin tsire na taɓa sai na kwana ina juyi, don haka na riƙe ƙuli-ƙulina da garin fura. Daga Ikko muka shiga babbar mota ta katako, muka bi bakin teku ta Kwatano da Lome, inda ake sayar da wani dogon burodi mai tauri da za ka iya korar kare da shi. Bayan mun shiga Gana muka iske babban kogi ba gada, aka ɗora motar tamu dungurungum a kan jirgin fito. Mata suka kewaye mu da soyayyen jatan-lande na taro-taro. Na yi ta salati har muka haye.

Mun sauka Nima, a cikin Ankara, da hantsi, ana yayyafi. Unguwa ce ta jar ƙasa da rufin kwano, gida a jikin gida, kwata na bi ta tsakanin lunguna. Ko'ina ka juya Hausa kake ji, a bakin Bazabarme da Badagombe da Bamoshe, Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “shi” ne. Mai masaukinmu wani tsohon Bakatsine ne da ya shekara talatin a can. Ya kai mu wurin mai unguwa, ya kai mu wurin limamai uku da masu wankan gawa. Mamman kam akwai su buhu-buhu, na raye da na kwance, amma ba namu. Ran kwana na uku tsohon ya dube ni ya ce, “Ɗana, a garin nan ba a neman gwauro da suna, kowa ya zo sai an laƙaba masa wani. Ɗaki kuma yau nan, gobe can. Abu ɗaya ne ba ya sakewa, inda yake cin tuwo. Yayan naka wane irin ci yake yi?”

Na yi dariya, karo na farko tun fitowarmu. Mamman ba ya shan miyar da ta sauka daga wuta. Tun muna yara a bakin murhu yake tsugunawa da ƙoƙonsa, innarmu na korar sa da muciya. Tsohon ya ce to aikinmu ya ragu, mu bi tukwanen da ake ci suna tafasa. Ya kuma gaya mana al'adar wurin: leburan da ba su da iyali kowa yakan sayi kwanonsa ya bar shi wurin mai tuwon da ya yarda da ita, ta rataye masa a ƙusa. In an kwana biyu kwano bai sauko ba, ita ce ta farko da za ta aika a duba lafiya.

Haka ni da nake gudun yaji na wayi gari ina bin birni ina neman miya mafi zafi. Ba a tambayar mai tuwo labari da ciki wofi, sai ka zauna ka ci na sisi tukuna bakinta zai buɗe. Muka fara da bayan kasuwar Nima, wurin wata Bazabarmiya mai miyar kuka da ta ji man shanu. Muka je Abose Okai, kusa da Sabon Zango, inda makanikai ke shan farfesun ƙafar saniya a cikin ƙarar guduma, hannuwansu baƙi ƙirin da man mota. A Alajo muka sha miyar ayoyo, wato lalo, da tuwon masara mai laushi, nan ne aka zuba mini wani baƙin yaji da suke kira shito, na yi hawaye sosai har mai tuwon ta ɗauka mutuwar yayan nawa ce ta tashi mini, ta shiga yi mini ta'aziyya.

Ga wanda zai je, abin da na koya ke nan. Wadda ta kira ka daga nesa, wuce ta, mai miyar kirki ba ta da lokacin kira. Ka bi 'yan kaya-kaya, masu dakon kasuwa, su ba sa kai guminsu inda za a cuce su. Ka duba ko tukunyar ta ƙasa ce, ka kuma ƙirga kwanonin da ke rataye, in sun tsufa sun lotse to masu su sun daɗe ba su ga dalilin tashi ba. Amma duk wannan sani bai kawo mini Mamman ba. Kwana takwas muka yi a haka, cikina ya lalace, zuciyata ta fi shi. Abokin tafiyata ya fara cewa mu nemi kowane kabari mu yi addu'a mu koma, mu ce mun gani. Ban tsawata masa ba, don ni ma tunanin ya zo mini.

Ran na tara wani direba ya ce mu je Maamobi, can ƙarshen gangare, mu tambayi rumfar Mma Azumi, ita tukunyarta ba ta taɓa ƙasa daga safe har magariba. Muka isa bayan azahar. Rumfa ce ta tsohon kwano, a tsakiya ga babbar tukunyar ƙasa a kan gawayi tana ɓararraka. Maza kamar goma sha biyu sun kewaye ta a kan benci, kowa da malmalar tuwonsa. Ba mai zuba wa wani. Ludayi ɗaya ne yake zagayawa, ka ɗebi romo da abin da rabonka ya kamo, ganda ko tumbi ko kuɓewa, ka miƙa wa na damanka. Mma Azumi, wata dattijuwar Badagomba mai faɗin kafaɗa, tana gefe tana yanka ganye da nama tana jefawa ciki. Ban taɓa shan miya irin wannan ba. Daddawa ta ji, citta da kimba sun ji, zafinta kuma ba na mugunta ba ne. Cikin nan nawa mai ƙorafi ya karɓa shiru.

Ina ci ina duban kwanonin da ke jikin ginshiƙi. Can sama, ware da sauran, akwai wani da aka ɗaure masa cokali da igiyar fata. Kitson igiyar irin na gidanmu ne, mai bi huɗu, wanda babanmu ya koya mana. Sai dai ya karkace, ga kuma sawun haƙori a jiki. Na ajiye lomar da ke hannuna na tambaye ta na wane ne.

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, “Baƙo, kai mene ne nasa?”

Na ce, “Mma, uwa ɗaya uba ɗaya, in shi ne.”

Ta ce, “Hancin ya nuna. Mutumin nan shi ba ya zama da mutane, sai bencina ya yi wofi yake zuwa. Ku jira la'asar. Amma kar ka tashi ka ruga kansa, ka bar shi ya ci tukuna. Tun jiya bai sa komai a baki ba.”

Muka koma bayan buhunan gawayi muka zauna. La'asar na yi ya shigo. Ya rame, gemu ya yi fari, ya yafa mayafi a kafaɗar dama duk da zafin rana. Mma ta sauko masa da kwanon. Ya ɗauki ludayi da hagu, ya ɗauki cokali da hagu. Da ya sunkuya mayafin ya zame, na ga hannun riga a naɗe daga gwiwar hannu, babu komai a ƙasa. Na cika alkawarin Mma, na bar shi ya cinye, ina kuka ba sauti. Sannan na fito na ce, “Yaya.”

Bai gudu ba, bai kuma yi mamaki sosai ba. Ya tambayi inna, na ce ta rasu shekara huɗu ke nan, ya yi mata addu'a. Daga baya ya ba mu labari a gajarce. Dutse ne ya danne hannun a wani wurin fasa duwatsu, aka yanke shi a asibiti. Yanzu gadi yake yi a sababbin gidajen unguwar Kanda. Maganar mutuwar kuwa shi da kansa ya roƙi bafataken ya kai ta, don Asabe ta yi takaba ta huta. Ya ce baduku ba dama ba baduku ba ne, kuma ba zai zauna a tsakar gidan ubansa yana kai loma da hagu yara na kallo ba. Na roƙe shi ya biyo mu, na roƙe shi don darajar iyaye. Ya ce, “Ƙanena, ku bar ni a yadda suka san ni.”

Nan abokin tafiyata ya tashi da faɗa. Ya ce shekara tara an shanya yayarsa kamar tsumma, in ba zai koma ba to ya sake ta, kuma saki uku, kada gobe a ce da sauran igiya. Na san maganar ta yi tsauri. Na kuma san shekarun Asabe na tafiya, ga gajiya, ga tausayin yayana da ya rufe mini ido. Ban hana ba. Aka kira wani malami daga masallacin unguwar ya rubuta, Mamman ya furta a gabanmu, ya dangwala babban yatsan hagu. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa zancen hannun. Mma Azumi tana ta hidimar tukunyarta har muka tashi. Da na je yi mata sallama ta ce, “Matan nan da kuke magana, shi ya aiko ku da wannan?” Na ce a'a, gaskiya kawai ta ce a kawo mata. Ta juya ta ci gaba da iza gawayi.

Komowa ba ni da abin faɗi a kai. Hanyar dai ita ce, kogin shi ne, kwana shida muka yi. Abokin tafiyata ko doyar Minna bai kalla ba.

Mun iso gida da yamma. Asabe ta kawo mana ruwa ta durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce mata yana raye, na miƙa takardar, na gaya mata abin da ke ciki. Ta riƙe ta ba ta buɗe ba. Ta tambaya ko ya yi wani aure ne, na ce a'a. Ko ta yi masa wani laifi ne, na ce a'a. Ta ce, “To don me?” Na yi alkawari a Maamobi, amma ita ta aike ni, kuma gaskiya ta ce a kawo mata. Na gaya mata zancen hannun, da cokalin, da yadda yake jira benci ya yi wofi.

Ta ajiye takardar a ƙasa, ta buɗe tafukanta biyu tana dubansu. Ta ce, “Saboda hannu? Ni ina da biyu. Shekara tara ba su da wanda za su tuƙa wa tuwo.” Ta ɗago ta dubi ƙanenta, ta dube ni. “Saki nawa kuka ce?”



Na tafi ina ganin wuyar tafiyar ita ce gano mutum a birnin da ba a san sunansa ba, kuma tukunyar miya ta yi mini wannan a kwana tara. Abin da ban iya ba shi ne in tsaya a iyakar aiken da aka yi mini. Labari aka ce in kawo, na kawo hukunci. Mu uku muka zauna a bakin wutar Mma Azumi, miji da ƙane da ni, kowa na rantsuwa don Asabe yake yi, muka rufe mata ƙofar da ita kaɗai ke da ikon cewa a rufe ko a bari. Jiya ta gama idda, yau da safe ta kwashe kayanta zuwa gidan ubanta, ni na ɗaukar mata akwatin.