Ranar da Khalilu Ya Zauna Kan Igiya

Duk rijiyar da ke ƙauyen nan na gefen Ɗambatta, in ba Nababa ne ya haƙa ta ba, to shi ke yashe ta. Shi ke shiga, ƙanensa Khalilu na sama riƙe da igiya. A haka suka yi furfura.

Da ƙarfin ɗa namiji ya fara ja masa baya, bai gaya wa kowa ba, ya sayo ƙwaya wajen mai tallar magani. Da yake gajiya kan kwantar da shi da wuri, sai ya mai da shan ta bayan asuba. In ya fito daga ɗaki, ya saɓi diga.

Ran nan suna yasa a lambun Malam Sabo, rana ta take, Khalilu ya ji igiya shiru. Ya leƙa, ya hango yayansa jingine, kai a sunkuye. Da ƙyar aka jawo shi.

"Jiri ne kawai," in ji Nababa.

"Yaya, wane jiri ne ke zuwa Litinin ya tsallake Talata? Me kake sha?"

Nababa ya faɗa masa, yana kallon ƙasa. Amma batun asibiti, ya ce allambaran. Ma'aikaciyar wurin Muhsina ce, 'yar maƙwabcinsa.

"Yarinyar da na ci naman sunanta? Ita zan gaya wa wannan?"

Khalilu ya je da kansa, bai kama suna ba. Ta ce maganin na sa jini ya sauka. In an haɗa da zafi da zufa da aikin ƙarfi, mutum na iya suma. Mai shi ya zo a duba zuciyarsa.

Bayan kwana biyu Nababa ya iso lambu ido jajir.

"Ka sha?"

Nababa ya kau da kai. Khalilu ya naɗe igiya ya zauna a kai.

"To kai shiga, ni in riƙe!"

"In sa raina a hannunka, kana ganin rijiya bibbiyu? Allah ya kiyaye."

Malam Sabo na gefe yana ta faɗa, albasarsa za ta bushe. Nababa ya yi jifa da diga.

"Mutum da iyalinsa, da sana'arsa, a ce sai ya zaɓi ɗaya!"

"Ba wanda ya ce ka zaɓa, Yaya. Likita aka ce ka gani."

Nababa ya yi tsaki, ya nufi titi neman motar Kano, ya je ya ga likita inda ba wanda ya san shi. Khalilu ya saɓi igiyar, ya tafi da ita gida.