Sunan da Inna Hajo Ba Ta Faɗa Ba

Har gobe ina tuna ranar da muka wallafa darasin iyali. Lokacin ina aiki da wani ɗan shafin intanet mai koyar da baƙi Hausa, ofishinmu ɗaki guda ne a Wurno. Aikina in ɗauko muryar mutane, in rubuta abin da suka faɗa, in haɗa da hoto, in tura wa edita. Shi ke da ikon wallafawa, kuma daga Abuja yake aiki.

Muryar da masu koyo suka fi so ita ce ta Inna Hajo, wata dattijuwa daga Kwargaba. Magana take dalla-dalla, ga ban dariya. Mun shirya da ita bayan an cire albasa za ta ba mu darussa a kan noman fadama yadda ake yinsa kafin a gina dam ɗin Goronyo.

A darasin iyali ta lissafo 'ya'yanta da sunayensu, amma ta tsallake ɗan fari, ta ce "babban yaron nan". A wajenmu mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Edita ya bugo waya ya ce mai koyo zai rikice, a cike gurbin. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba mantuwa ta yi ba, kunya ce." Ya ce ai darasi ne, ba wanda zai lura. Ya samo sunan, ya sa wata ma'aikaciya ta faɗe shi, aka manna a tsakiyar maganar Inna, ga hotonta a sama.

Ashe matan Kwargaba na bin shafin don jin 'yar garinsu. A wani gidan suna aka kunna darasin, Inna na zaune. Jikoki suka samu abin tsokana, manya kuwa suka sunkuyar da kai.

Na je da goro in ba ta haƙuri. Ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini fura, sannan ta ce, "Ɗana, tun da na haihi yaron ga bakina bai taɓa kama sunanai ba. Mi na yi muku da kunka sa mini shi, duniya ta ji?"

Mun sauke darasin a ranar, amma ya riga ya bazu a wayoyi. Inna ba ta sake yarda an ɗauki muryarta ba, darussan fadama kuma ba a yi su ba har Allah ya karɓi ranta. Abin yana ci mini rai.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: in mai magana ya yi shiru a wani wuri, ku tambaye shi dalili kafin ku cike masa. Mu mun ƙara suna guda, muka rasa bakin Inna gaba ɗaya.