Suna Arba'in da Biyu, Fayil Arba'in da Ɗaya

Anti Gwaji ake ce mata a ofis. Shekara bakwai ke nan aikinta gwada manhaja kafin a sake ta. Kamfanin ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, suna yi wa ƙananan asibitoci manhajar awon magani.

Tana da jerin sunayen fayilolin gwaji. Kowace safiya kwamfuta takan bi jerin ɗaya bayan ɗaya, in komai lafiya allo ya nuna kore.

Wata Laraba, haka kawai ta ce bari ta ƙirga. Suna arba'in da biyu a jeri, fayil arba'in da ɗaya a ma'aji. Ta sake ƙirgawa da yatsa a jikin allo. Wanda babu shi ne mai duba awon maganin yara. Ta bi sawu, ta tarar wata uku ke nan da goge shi, ranar da aka share tsofaffin fayiloli, kuma ita ce ta goge. Tun daga ranar, in kwamfuta ta zo kan sunan ba ta sami fayil ba, sai ta tsallake shiru ta nuna kore.

Ta fita baranda ta kira yayarta, wadda nas ce.

"Yaya, in awon magani ya zarce wa jariri fa?"

"Wane jariri? Ke, me ya faru?"

Ta kashe wayar, ta wuce wurin Oga, mai kamfanin.

"Oga, na yi ɓarna."

Ya saurare ta har ƙarshe, ya ajiye biro. "Asibiti nawa ke amfani da ita?"

"Tara."

"Dawo da fayil ɗin mu gani."

Ta dawo da shi, ta tayar da gwajin. Minti shida yana gudu, Oga tsaye a bayanta, ita kuwa salati kawai take yi a zuci. Kore ya fito. Babu kuskure a awon. Sai a lokacin ta zauna.

Ranar ta gyara jerin: duk sunan da fayil ɗinsa ya ɓace, allo ya yi ja, aiki ya tsaya cak.

Dogo, abokin aikinta mai son share-share, shi ya fi shan wahalar wannan doka.

"Haba Anti, fayil ɗaya tal na goge!"

"To cire sunansa a jeri, ka rubuta dalili. Ina nan ina jira."